Watan da na zama gajeren Gamkalley

Shekarun baya, lokacin farin nan na zamanin soja da kogi ya janye har yara na buga ƙwallo a ƙarƙashin gada, ina aiki a filin jirgin sama na Yamai. Kada ku ji filin jirgi ku ɗauka wani abu ne. Tanon mai, wato duro, nake mirginawa. In kai shi gindin jirgi, in soka famfo, in yi ta bugawa da hannu har tanki ya cika ko kafaɗata ta mutu. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka koro ni, don haka aikin ya yi daidai da ni.

Jirgin ƙarami ne, na masu kai taimako. Magani da garin madara yake ɗauka zuwa arewa, inda kamyo, babbar motar kaya, ba ya isa da wuri. Matuƙinsa wani anasara ne Ba'amurke, dogo, wuyansa ja kamar an daɓe shi da tattasai. Faransancinsa ya fi nawa lalacewa, shi ya sa muka saba, babu mai jin kunyar wani. Ran da ya ce mini a da shi sojan ruwa ne, na tambaye shi me ya kai sojan ruwa tuƙin jirgin sama. Ya ce ai jirginsa bisa jirgin ruwa yake sauka. Ni kuwa jirgin ruwan da na sani na masunta ne, wanda in akuya ta yi tsalle ciki sai ya kife. Na ce, "Mushe," haka muke kiran anasara da Faransanci, "ka rage kaɗan." Sai da ya nuna mini hoto na yarda.

A Talladjé muke zaune, ni da mahaifiyata da yayana. Asalinmu mutanen Tawa ne, amma nan aka haife mu, nan kuma aka rufe mahaifinmu. Yayana ɗan kokawa ne, ƙato, in ya tsaya bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ya kada duk wani mai ji da kansa a unguwa da maƙwabtanta. Mutum ɗaya ya gagare shi, wani Bazabarme mai lambu a Gamkalley, gajere, kansa iyakar ƙirjin yayana. Duk haɗuwarsu abu ɗaya ne: kafin makaɗi ya gama kirari gajeren ya shige ƙasa, ya kama bayan gwiwa, yayana ya zauna daɓas kamar an miƙa masa kujera.

Yayana ya ce asiri ne. Ya bi malamai, ya tara layu har damtsensa ba ya lanƙwasuwa. Suka sake haɗuwa, ya sake zama.

Sai aka yi shelar za a zaɓi waɗanda za su tsaya wa Yamai a kokawar ƙasa, wadda ake ba gwani takobi. Sojojin lokacin suna son kokawa ƙwarai, ko ana yunwa ba a fasa ta. Kowa ya san sai su biyun sun kara. Muna cin tuwon jar dawar taimako, yayana ya tsame hannu ya ce, "Inna, na rantse da Allah, in gajeren nan ya sake kada ni ban ƙara kwana garin nan. Abijan zan tahi, ko dako ne in yi."

Inna ta ce, "Ka yi kaffara, ka janye."

Ya ce ba ya janyewa. Mun san shi, tun yana yaro in ya ce ba ya cin abu sai dai ya kwana da yunwa. Shekarar kuwa samari da yawa sun gangara kurmi, wasu ko saƙonsu ba a sake ji ba. Inna ta daina gama abincinta. Kullum kwanon ya dawo da rabi.

Wata rana muna zaune inuwar fiffike ni da anasaran, muna jiran zandarma, ɗan sandan soja, ya kawo izinin tashi. A lokacin ko tsuntsu sai da izini. Ya ga fuskata a ɗaure, ya tambaya, na kwashe duka na gaya masa. Na zaci dariya zai yi. Sai ya ce, "Da wa yayanka yake gwaji?"

Na ce, "Da abokansa mana."

"Manya ne kamarsa?"

"Ƙattai. Ai ba zai yi da yara ba."

Ya shafa kansa ya ce su ma haka aka yi ta kashe su. Ya ɗaga tafukansa biyu, ɗaya na bin ɗaya a iska, ya ba ni labari. Rabi da baki, rabi da hannu, ni na haɗa.

Ya ce lokacin yaƙinsu a wata ƙasa can gabas, jiragensu manya ne, masu tsada, ɗauke da roka mai bin jirgi da kanta. Manyansu suka ce zamanin faɗa kusa da kusa ya wuce, daga nesa za ka harbi mutum ba ka ma ga fuskarsa ba. Har bindiga ba a sa wa wasu jiragen ba. Matuƙa kuma in za su yi gwaji, da junansu suke yi, babban jirgi da babban jirgi. Da aka je fage sai ga abokan gaba da ƙananan jirage, tsofaffi, masu juyi wuri ɗaya kamar ƙuda. Su shigo kusa, inda rokar ba ta da amfani, su maƙale bayanka. Ya ce kowa ya kawo dalilinsa, wani ya ce rokar ce ba kyau, wani ya ce zafin ƙasar ne.

Na ce, "Ba wanda ya ce asiri?"

Ya ce sun faɗi abin da ya fi wannan wauta.

Daga baya aka sa wani hafsa ya bincika, ya dawo ya ce ba makami kaɗai ba ne, mutanen ne ba a koya musu faɗan da suke tararwa. Sai wasu ƴan matuƙa suka buɗe makaranta a gefen wani filin jirgi kusa da teku. Ba gini, ba komai, wani tsohon ɗakin ƙarfe mai taya suka jawo suka zuba kujeru. Suka aro ƙananan jirage masu kama da na abokan gaba. Malaman suka zauna suka koyi tuƙin abokin gaba, yadda yake juyawa, inda yake ɓuya, abin da yake so da abin da yake tsoro. Ɗalibi in ya tashi sama, malaminsa ne zai zo masa a matsayin maƙiyi, ya ci shi ba tausayi. In an sauko a shiga ɗakin nan a rufe ƙofa, a faɗi kuskuren kowa, ba ruwan kowa da galan ɗin muƙami da ke kafaɗarka. Wanda ya gama ya koma ya koya wa ƴan rundunarsa. Ya ce shi ma ya zauna ɗakin, kuma bai taɓa shan kunya irin ta wurin ba.

Na ce, "To mu ina za mu samu gajere na aro?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ni kuwa siriri ne kamar karan dawa, na fi gajeren tsawo nesa, ban kuma taɓa kada kowa ba sai wani ɗan maƙwabcinmu mai ciwon ido.

Haka na fara zuwa Gamkalley in na tashi aiki. Gajeren yana gwajinsa a rairayin bakin lambuna. In tsaya cikin ƴan kallo, ido na kan ƙafafunsa, amma saurinsa ya yi yawa, ba na kama komai. Sai dabara ta zo mini. In an watse, in tsuguna in duba sawunsa a rairayi, in ga inda ya dasa ƙafa kafin ya shiga. Ban yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai wucewa ba: ƙanen abokin karawarsa, tsugune kan sawunsa, yana shafa ƙasa da yatsa.

Ban ankara ba na ji an shaƙe mini wuyan riga. Kafin in miƙe mutane sun kewaye ni, ana ta Zabarmanci da ƙarfi. Abin da na tsinta shi ne ƙasar sawu na zo ɗiba a kai wa boka. Wani ya ce a kai ni wurin zandarma. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin in aka kai ka wurin zandarma ba ka san ranar dawowarka ba.

Wani tsoho, kawun gajeren, ya sa aka zazzage aljihuna. Gyaɗa ce ta zubo, da ƙusa guda.

Ya ce, "Yaro, ƙasa ina?"

Na ce, "Baba, ban ɗauki ƙasa ba. Kallon yadda yake aje ƙafa nake."

Gajeren ya matso yana share zufa, ya leƙa fuskata ya gane ni. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Ku bar shi ya kalla. Yaya nashi ma ya kalla, daga ƙasa."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce tunda ina son ƙasarsu haka, in ba ta ruwa. Ya miƙo mini bokitan ban-ruwa biyu na ƙarfe, masu dogon baki, ya nuna mini kunyoyin ganyen salatinsa, wato latas. Wannan ne hukuncina.

Ruwan ya gudu can tsakiyar kogi. Sai ka yi tafiya cikin rairayi, ka cika, ka dawo, sannan ka hau gangaren gaɓa mai zubewa. Hawan farko na zo a miƙe, na zame, rabin ruwan ya koma inda ya fito. Na tsaya ina haki na ga gajeren ya wuce ni da nasa bokitan. Gwiwoyi a lanƙwashe, gindi ƙasa, ƙafar hagu ta fara zuwa a karkace ta kafe, sannan jiki ya bi ta. Daidai yadda yake shiga ƙarƙashin yayana. Tun yana yaro yake hawan gaɓar nan. Washegari ba wanda ya kira ni, na dawo da kaina na ɗauki bokitai. Tsohon ya ɗauka tuba ce, har yana ba ni tumatir.

Da cinyoyina suka daina rawa na je na sami yayana. Na ce zan riƙa zo masa kamar gajeren, ya gwada. Ya ce, "Kai? To zo, dama ina neman abin share zufa."

Muka riƙa zuwa rairayin Gaweye, ƙasan gada, tare da abokansa. In sunkuya, in jefa ƙafar hagu, in shiga. Hannuna na kai bayan gwiwarsa, ina jin ta a tafina, sai wani abu ya riƙe ni. Wana ne. Shi ya goya ni, shi ya biya mini kuɗin kaciya da baba ya rasu. Sai in sassauta, ya ɗaga ni ya yar, abokansa su yi ihu. Kullum haka. Yayana ya fara cewa ya gano maganin gajere.

Ran wata Lahadi anasaran ya zo kallo, da gajeren wando da hular kaba. Yara suka bi shi. Ya tsuguna ya kalli faɗuwata sau da yawa, sannan ya yafuto ni gefe.

Ya ce, "Ƙarya kake masa."

Na ce, "Mushe, ba ka gane ba. A nan ƙane ba ya kada wansa. Gaban mutane kuma."

Ya tona rairayi da tsinke. Ya ce akwai wanda suke ɗaki ɗaya cikin jirgin ruwan, kafin a buɗe makarantar. A gwaji ba a taɓa cin shi ba, kowa na sonsa, kowa na raga masa. Faɗuwarsa ta farko can fagen yaƙi aka yi ta, ba a kuma samu ko takalminsa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce, "Yayanka ne, ka fi ni saninsa."

Na koma fage. Na tuna kwanon Inna. Na sunkuya, na jefa ƙafa, na kama gwiwar, wannan karon na ja da dukan ƙarfin ban-ruwan da na tara. Yayana ya zauna daɓas.

Wani abokinsa ya fara dariya ya haɗiye ta. Yayana ya tashi, bai dube ni ba, ya ɗauki rigarsa ya tafi.

A gida ya ce a raba mana kwano. Inna ta tare ni bayan ɗaki ta ce, "Kai kuma, na waje bai ishe shi ba sai na gida ya ƙara?" Na yi mata bayani iyakar iyawata, har da jiragen. Ba na jin ta fahimci zancen jirage. Amma da safe na ji ta tana shara kusa da ƙofarsa, tana magana kamar da tsintsiya take: "Wannan ƙanen naka dai na san ba shi da ko laya ɗaya. Ni na wanke rigarsa."

Ya ɗauki kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Ranan nan ina kwance bayan asuba na ji an shuri tabarmata. Ya ce, "Tashi, gajere."

Mu biyu kaɗai muka riƙa zuwa daga nan. Kada shi ya zo mini da sauƙi, abin da ya gagare ni shi ne zaman bayan faɗuwa, inda zan gaya masa laifinsa. In buɗe baki in ce "Yaya, ka yi kaza," sai harshe ya ƙi. Shi ma da ya ji "Yaya" sai ya haɗe gira. Rannan don wasa na ƙanƙance murya na yi Hausar gajeren: "Kai ƙato, kana son wuya nawa da yawa. Hannu naka yana tafi sama, dunduniya yana tashi, ni ina shiga gida."

Ya zuba mini ido. Ya ce, "Wace dunduniyar?"

"Na dama, ƙato. Kullum na dama."

"Ɗan banza," in ji shi. "Tashi mu sake."

Shi ke nan muka samu hanya. Ni ban isa in gaya wa yayana komai ba, amma gajere yana faɗin abin da ya ga dama, har zagi. Wallahi na more wannan watan. Abin da na ƙunsa tun muna yara duk na fitar da shi da bakin Bazabarme. Yayana ya sha ƙasa har ta gundure shi, sannan a hankali ya daina miƙa hannu wuya. Ya koyi janye ƙafar dama ya sauke nauyinsa bisa bayana. Ran da ya fara danne ni da gaske na ji haƙarƙarina ya yi ƙara, na kwanta ina nishi ina murna.

Ranar karawa fili ya cika, sojoji da bulala suna mayar da mutane baya. Anasaran ya tashi arewa, bai gani ba. Inna kuma ta ƙi zuwa, ta ce kunnenta ya ishe ta. Yayana ya shigo da layunsa duka, amma ni ba su ne damuwata ba. Suka zagaya juna. Na ga hannun yayana ya fara ɗagawa wajen wuya. Sai ya tsaya. Gajeren ya jefa ƙafar hagu ya nutse, ya kai hannu inda gwiwa ta saba zama, bai tarar da ita ba. Yayana ya sauko masa a baya kamar buhun gero, ya zagaye ƙugunsa, ya juya shi. Ƙura ta tashi. Da ta lafa gajeren na kwance yana kallon sama, kamar mai neman hadari.

Ban san lokacin da na shiga fili ba. Bulalar soja ce ta dawo da ni hayyacina, shatarta ta yi mako a bayana.

Da muka isa gida labari ya riga mu. Inna na zaune tana cin ɗumame da rana tsaka, ta cinye ta kuma sa hannu a tukunya. Abin da ta ce kawai, "Ku wanke ƙafa kafin ku hau mini tabarma."

Kada in yi muku ƙarya, yayana bai ɗauko takobi ba. Ya je kokawar ƙasa, wani dogo daga Damagaram wanda ba wanda ya taɓa kwaikwayonsa ya nannaɗe shi tun ranar biyu. Ya dawo yana dariya, ya samu aikin gadi a wani kanti, ya yi aure a Talladjé. Da na ba anasaran labari ya buga mini kafaɗa har tano ya kusa kuɓuce mini. Damina na sauka aikinsu ya ƙare, ya tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Gajeren kuwa da kansa ya zo gidanmu, da kwandon salati a ka. Ya yi wa Inna fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ya juyo kaina ya ce, "An ce kai ne ni. Yi in gani."

Na sunkuya a tsakar gida na yi masa. Ya zagaya ni yana taɓe baki. Ya ce, "Gindi ya yi sama da yawa. Amma ba laifi." Sannan ya rage murya: "Yanzu ka yi mini yaya naka."

Inna daga madafa ta ce, "Ina jin ka, ɗan Gamkalley. Aje salatin ka kama hanya." Har ya rasu muna zumunci, ni na riƙe masa raƙumin... a'a, ragon sunan ɗansa na fari, raƙumi ina muka gan shi.

Yanzu gwiwoyina sun gama aiki, in na tsuguna sai an ba ni hannu. Wani lokaci ina zaune bakin gareji jirgin soja ya wuce sama, yara su fito suna nuna shi, ni kuwa sai in tuna wanda ba a nunawa, wanda ya shiga ƙaramin jirgi ya zama maƙiyi don ɗan'uwansa ya dawo gida. Ban san sunan ko ɗaya cikinsu ba, amma na san yadda bayansu ke ciwo. Ni da sunana ban taɓa cin kowa a fage ba, makaɗi bai taɓa kiran sunana ba. Abin bai dame ni ba. Yayana na nan, gidansa na kallon nawa, kullum da yamma sai ya turo jika a karɓo masa goro.

Da sallar bana jikokin suka taru suka tambaye shi wai da gaske ne na taɓa kada shi a Gaweye. Ya gyara zama, ya jingina sandarsa, ya ce, "Wannan? Santsi ne ya kwashe ni." Shekarar da kogi ya ƙafe, bisa busasshen rairayi. Na ce musu haka ne, santsi ne, na miƙa masa goronsa.